Daminar da Baba Ya Ciyar da Mu da Kallo

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau ba tallar atamfa na kawo muku ba, don haka masu "nawa za ki bari" ku ɗan huta. Wani abu ne ya tokare min ƙirji tun shekaranjiya, na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Ƙanwata Ummi ce ta turo min saƙon murya daga Abuja. Wai in tura mata 'yata Hanifa ta yi dogon hutun nan a wajenta. Sai da ta gama zagaye-zagayenta, can ƙarshe ta sassauta murya ta ce, "In ma kin ga babu damuwa, Yaya Indo, ki bar min ita ta yi makarantar a nan. Kin dai ga yadda gari yake." Na saurara, na sake saurara. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Nan Kano gari ya yi zafi. Maigidana ya jingine motarsa, an lulluɓe ta da tamfol kamar amarya. Nama sai dai ya leƙo mu ranar Juma'a ya wuce. Ga kuɗin makaranta na nan tafe. Hanifa kuwa tunda aka yi hutu take damuna in kai ta wajen wasan nan mai lilo da ƙananan motoci, inda tun daga bakin ƙofa ake fara yankarka. Jiya da ta ishe ni sai na ce ta sa takalmi, na ja ta a ƙafa muka je marina kallon masu rini. Tana ta kumbure-kumbure a hanya, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ke, ido ma ciki gare shi. Bari ya fara ci."

Na tsaya cak a gefen titi. Wallahi ba maganata ba ce. Maganar Baba ce, ta kwanta min a rai shekara da shekaru ban sani ba.

Ni 'yar Daura ce, ga waɗanda ba su sani ba. Shekarar da zan ba ku labari ina manyan azuzuwan firamare, Ummi ko makaranta ba a sa ta ba. Ba a daɗe da fara shari'a ba. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, fari kuma suka sauka wa mutanen da ke arewa da mu. Kafin wata daminar ta kankama, gero ya zama abin da ake gaisawa da shi daga nesa. Mutanen Nijar suna ta gangarowa da dabbobi ramammu, haƙarƙari a waje, a ba su ko me aka samu su sayi tsaba su koma.

Baba dillalin tumaki da awaki ne, da la'ada muke ci. Dabba ta faɗi warwas, la'ada ta bi ta. Amma in ka gan shi ba za ka taɓa cewa da wani abu ba. Farar riga a goge, hula a karye, agogo a hannu. Tafin hannunsa kuwa laushi kamar na jariri, don gonarmu ta hanyar Sandamu 'yan ƙodago ne ke nome masa. Yakan ce dillali da rigarsa yake ci, ba mai damƙa ragonsa ga wanda ya ga yunwa a fuskarsa.

Yana da yaya, Gwaggo Lami, tana aure a Kano, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ummi sunan mahaifiyarsu ta ci, shi ya sa Gwaggo ba ta kiran ta da komai sai "uwata". Tun da aka yaye ta take roƙon a ba ta riƙo, Baba yana zillewa. Da bazarar nan ta zo, ta ga yadda kasuwa take, ta zaunar da shi a tsakar gida. Ina bayan labule ina ji.

"Sule, shekarar nan ba ta wasa ba ce. Ba ni uwata in tafi da ita, ka ragu da baki ɗaya."

"Haba Yaya. Gidana ba a kwana da yunwa."

"Na ji kwana. Ranar da na ji an yini da ita fa?"

"Ranar ki zo ki ɗauke ta, ba zan ce uffan ba."

Inna, mahaifiyarmu, tana tankaɗe a gefe. Na ga hannunta ya tsaya a kan rariya. Kun san riƙo dai. Wanda ya tafi ya tafi, sai dai ku riƙa gaisawa da salla kamar baƙi. Kuma Baba ya riga ya furta da bakinsa a gaban yayarsa, babu janyewa.

Ga wata matsalar. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Hajiya Tabawa, aminiyar Gwaggo tun suna 'yan mata, mai fataucin zannuwa zuwa Kano. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ba shi da marfi. Abin da aka yi a tsakar gidanmu da safe, in ta hau mota, kafin magariba ya isa kunnen Gwaggo.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Daga nan gida ya fara tsukewa a hankali. Ƙosai ya fara ɓacewa, aka bar mu da koko. Kokon ma ya yi ta tsinkewa har kana iya hango ƙasan kofi. Akuyoyinmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Kwanukan jeren Inna suka bi su, dillaliya tana shigowa ta fita da su a ƙarƙashin mayafi, bango yana ta yin fili kamar bakin tsohuwa. Tuwon dare ne kawai Inna ta riƙe da haƙora, ko da rabinsa dusa ne. Abincin rana kuwa wata rana aka wayi gari babu shi, kuma ba wanda ya yi sanarwa.

Ni na isa in haɗiye. Ummi ba ta isa ba. Da rana ta take, gidan Hajiya Tabawa za a jefa albasa a mai, ƙamshin ya tsallako katanga ya same mu. Sai Ummi ta fara. Ba ihu take yi ba, wani siririn kuka ne mara ƙarewa, "Inna tuwo, Inna tuwo." Rannan muka ji muryar Hajiya ta saman katanga.

"Maƙwabta, lafiya 'yar Lami take kuka haka?"

Inna ta ce, "Rigima ce kawai Hajiya, wai sai an yi mata lalle."

Baba yana ɗaki, ya ji. Washegari da hantsi ya fito da farar rigarsa, ya tafa hannu.

"Indo, ɗauko hijabinki. Uwata, zo hau doki. Yau gari za mu gani. Mutum a haife shi a Daura bai san Daura ba?"

Ya saɓa Ummi a wuya muka fita. Ba mu dawo ba sai da la'asar ta yi sanyi, lokacin an daɗe da wanke tukwane a unguwa. Haka muka fara. Duk ranar da babu kasuwa, da ya ga rana ta fara ɗagawa, sai yawo.

Ranar farko ya yi kuskure, tasha ya kai mu. Wai mu riƙa cankar wace mota ce za ta riga cika, ta Kano ko ta Katsina. Ashe ya manta tasha gidan soye-soye ce. Ga mai awara, ga mai dankali, ga hayaƙin tsire yana bin mutum har cikin hanci. Ummi ta ƙanƙame masa hula tana nuna kaskon awara da ƙafa. Muka bar wajen da sauri kamar an biyo mu. Daga ranar ya zama gwanin sanin lungu. Ya san duk inda mai tuya take zama a garin nan, ya san ta inda za a zagaye ta. In iska ta juyo da ƙamshi sai ya ce, "Kai, na tuna wata hanya mai kyau," mu yi kwana.

Ya kai mu maƙera. Maƙerin ya ɗora Ummi a cinya ya bar ta tana danna zugazugi, wuta na tashi tana ƙyalƙyala dariya. Ya kai mu majema, inda wari kaɗai ya isa ya kashe wa mutum sha'awar abinci har dare, kuma ina zargin ya san da haka. Mun tsaya daga waje mun leƙa Kusugu, ya ba mu labarin macijin rijiyar, kullum da irin tsawon da yake ba shi. Mun zauna gindin darbejiya a bakin filin ƙwallo muna kallon samari suna zamewa a caɓi, shi yana yi musu alƙalanci ba wanda ya sa shi. In Ummi ta fara "Baba ciki", sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Ido ma ciki gare shi, uwata. Bari ya fara ci, shi ne babba."

Ya kuma koya mana abu ɗaya, ya nanata har muka haddace. Duk inda aka ce mana bismilla, amsar ita ce, "Alhamdu lillahi, mun ƙoshi." Ko me aka miƙo. Ummi takan faɗa da ƙaramar muryarta, idonta a kan kwanon.

Bayan gari ya fi daɗi, in an kwana biyu da ruwa. Ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi na ta surutu a kududdufi, ga ƙwaron nan ja mai laushi yana tafiya a kan rairayi, mu ɗora shi a tafin hannu ya dunƙule. In an dace a samu 'ya'yan faru mu tsotsa har harshe ya yi kanta. Ni kuma aikina tsinkar tafasa da lalo, Baba yana cusawa a aljihun babbar riga. In wani ya gamu da mu sai ya ce, "Na akuyoyi ne." Akuyoyin da tuni wani ya yi miya da su. Da dare Inna ta kwaɗa tafasar da ɗan ƙuli-ƙuli, a ci a sha ruwa.

Kada ku ɗauka daɗi nake ji. Ni na san abin da ake ciki. Ina tafe a bayansa ina kallon ƙafafun Ummi suna reto a ƙirjinsa, kullum ƙara sirancewa suke. Gashinta ya fara yin ja-ja. Duk motar Kano da na gani ta tsaya a bakin layinmu sai gabana ya faɗi, in tsaya in ga wa zai sauko.

Sai kuma ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganye ya nannaɗe kamar an murza shi. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, kowa ya fito yana kallo, iska ta zo ta watsa shi. Zafi kuwa irin mai danƙo, riga ta manne a baya. Aka fita roƙon ruwa filin idi, tsofaffi suna kuka da hawaye. Baba ya ce wannan ma yawo ne. Ranar aka raba wa yara gumbar sadaka, shi kuma ya ɗauke kai yana duba agogo har muka cinye. Allah ya ji ƙan bayinsa, ba a daɗe ba aka kwana ana ruwa. Gero ya miƙe, ciyawa ma ta miƙe, ƙauyuka suka shiga maimai, wato noma na biyu. Gonarmu kuwa ba kuɗin 'yan ƙodago, ciyawa tana neman shanye ta.

Wata rana da kokon safe ma bai samu ba, muka bi hanyar Sandamu. Sai muka jiyo ganga daga nesa. Lokacin ana ta taƙaddama a kan kiɗa a cikin gari, mun daɗe ba mu ji ba, amma a gona ba mai hana gangar noma. Baba ya ce, "Gayya ce! Yau za ku ga maza." Gayya, ga 'yan birni, ita ce mai gona ya gayyato jama'a su taru su nome masa a yini ɗaya, shi kuma ya ciyar da su.

Gonar wani dattijo ce, Malam Nomau, wanda Baba ya sha sayar masa da tumaki. Samari sun jeru, bayansu na ƙyalli da gumi, hauya na tashi tana sauka tare da ganga. Muna isa aka ce a huta. Mata suka sauke ƙoren fura da manyan akusan dambu a gindin tsamiya. Dambun gero da rama, an zuba mai, tururi na tashi. Wannan karon babu lungun da za a yi kwana.

Malam Nomau ya taso da fara'a. "A'a, Sule dillali! Yau ido ne ya kawo ka? Bismilla, ku matso. A zuba wa yaran nan."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu muka tashi daga kan kwano."

Dattijon ya duƙa wajen Ummi. "Ke fa amaryata? Ba za ki ci dambun mijinki ba?"

Ummi ta buɗe baki ta ce, "Alhamdu lillahi, mun..." Ba ta ƙarasa ba. Ƙafafunta suka lanƙwashe, ta zauna daɓas a kan rairayi. Ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi. Kallon akushin kawai take, kanta yana rangaji.

Na kalli Baba. In ya ce a ba ta, ya ƙaryata kansa a gaban mutanen da yake ciniki da su, ya karɓi sadaka, kuma kafin jibi maganar tana Kano. In ya ɗauke ta muka tafi, ban san ko za ta kai gida a farke ba.

Sai ya cire hula ya miƙo min. Ya cire agogo. Ya tuɓe farar rigar nan ya ninke ta a hankali ya ɗora min a hannu, tafasa na zubowa daga aljihu.

"Malam Nomau, ba kallo na zo ba. Gayya na zo. A ba ni hauya."

Abin da ban gane ba sai daga baya, abincin gayya ba sadaka ba ne. Haƙƙin wanda ya duƙa ne, shi da 'ya'yansa. Dattijon ya dube shi, ya dubi Ummi, ya gane sarai. Sai ya daka tsawa, "To me kuke jira? Ɗan gayya ya zo da iyalinsa, a zuba musu!"

Samari kuwa suka samu abin yi. "Dillali, ta nan ake riƙewa, ba wutsiyar tunkiya ba ce!" "A yi a hankali, geron ake bari, ciyawar ake cirewa!" Mai ganga ya koma bayansa yana yi masa kirari, wai farar riga ta sauka ƙasa. Baba yana haki yana ramawa, "Ku yi ta yi, duk wanda ya kawo min akuyarsa sai na ce gurguwa ce." Kowa ya kai ƙarshen gona ya juyo, shi yana tsakiya. Amma bai ajiye ba sai da aka tashi.

Ni da Ummi muna gindin tsamiya. Wata mata ta ce kar a ba ta dambu tukuna, ta fara ba ta fura kaɗan-kaɗan da ludayi. Can ta ci dambun, ta yi barci da shi a dunƙule a hannu.

A hanyar gida ya mayar da rigarsa, ya sa hannuwa a aljihu don kar Inna ta gani. Ta gani. Ta ɗumama masa ruwa da gishiri.

Daga ranar yawonmu ya koma bin ganga. Duk inda ya ji za a yi gayya a ƙauyukan kusa, mun tafi. Ranar da babu, a koma maƙera da filin ƙwallo. Amma gayya taron jama'a ce, kuma jama'a baki gare su. Aka fara faɗa a kasuwar dabbobi. Hajiya Tabawa ta hau motar Kano.

Muna wata gona da azahar, Ummi ta ƙoshi tana wasa da ƙasa, na hango amalanke tafe, wata mata zaune a kai da lema. Lokacin ana ta surutu a kan mata su hau acaɓa, shi ya sa ta biyo mai shanu. Tun kafin in ga fuska na gane lemar. Ta Gwaggo ce. Daga baya Inna ta ce ta fara sauka a gida, ta buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, ta kalli bangon jere, ta ce a nuna mata hanya.

Ta sauko ta tsaya a bakin gona. Baba yana duƙe ba riga, sai da wanda ke kusa da shi ya taɓa shi.

"Sule! Ashe kana da gadon baya? Rabona da ganinsa tun kana gudun wanka."

Aka kwashe da dariya, ban da mu. Ya taho yana share gumi da damtse.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunka. Indo, kakkaɓe min uwata, yamma za mu bi mota."

"Yaya, ta ci. Dubi cikinta."

"Yau ta ci. Gayya kullum ake yi? In aka gama maimai fa, me za ka bi? Me muka yi da kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Na faɗa. Ba zan ce uffan ba."

Ni kuwa na riƙe hannun Ummi gam, har ta ce ina ji mata ciwo. Gwaggo ta tsuguna a gabanta, murya ta yi laushi.

"Uwata, za ki bi ni Kano? Shinkafa kullum. Ga talabijin. In kai ki gidan namun daji ki ga zaki."

Ummi ta ce, "Gobe Baba zai kai mu mu ga raƙuma suna shan ruwa."

"Can ma akwai abin kallo, ya fi raƙumi."

"Baba zai je?"

"Babanki yana nan."

"To wa zai ɗora ni a wuya?"

Gwaggo ta miƙe, ta ce wa Baba, "Mu ga hannun." Ya ɓoye a baya kamar yaro. Ta fizgo. Duk ya fashe, wani wajen ya yi kanta, wani yana ruwa. Ta daɗe tana kallo.

"Da ka aiko min ka ce babu, mutuwa za ka yi? Girman kan tsiya, kamar na ubanmu." Ta saki hannun ta goge ido da bakin mayafi. "Raƙuman nan, da wane lokaci suke zuwa?"

Ba ta ce ta fasa ba, ku lura. Cewa ta yi za ta kwana ta ga raƙuma. Washegari ta bi mu da lemarta, tana mita tun daga gida har mashaya, wai an fito da ita rana kallon dabba mai wari. Da aka sake kwana ta ce sai ta ga maƙerin da ya bar uwarta ta taɓa wuta. Ɗan buhun masarar da ta zo da shi, wanda ta ce na sallamar Inna ne, aka buɗe shi. Da shi ta tsaya da kanta ta yi dambu, Malam Nomau ya kawo samarinsa suka nome mana gonarmu, don wanda ya je gayyar mutane ana zuwa tasa.

Amma jakarta tana nan ɗaure a bakin ƙofa, ba ta taɓa kwance ta duka ba. Kowace safiya sai ta kira Ummi, ta zagaye damtsenta da yatsa biyu, ta yi ƙwafa. Ni kuma in tsaya ina karanta fuskarta. Haka muka yi ta zama a kan ƙaya, mijinta yana aiko direbobi suna tambayar yaushe za ta dawo, tana cewa gobe.

Har gero ya fitar da kai, ya yi ido. Rannan Baba ya shigo da zangarniya a rungume, ɗanya shar. Inna ta hura wuta aka gasa tumu. Ƙamshin nan, jama'a, har yau ban ji turaren da ya kai shi ba. Muka murza a tafin hannu muna hurawa, bakinmu duk baƙi. Gwaggo ta aika wa Hajiya Tabawa nata ta saman katanga, ta ce, "Ga shi, ki kai labarin wannan ma."

Da safe ta ɗauki jakarta. Ta kama damtsen Ummi ta auna, ta daɗe riƙe da shi. Sai ta sake shi ta ce, "Sule, raka ni tasha. Ka ɗauko ta a wuya, ta ga tashin motata."

Gwaggo ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Baba yana nan Daura, ya tsufa, kuma in ka tayar da maganar sai ya ce, "Yunwa? A gidana? Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki." Ummi kuwa ba ta san komai ba. In muna hira takan ce ba ta taɓa jin daɗin damina irin ta shekarar yawo ba, wai me ya sa Baba ya daina kai mu.

Ban san yadda za mu yi da kuɗin makarantar Hanifa ba, gaskiya. In na ce na sani na yi ƙarya. Wataƙila a canja mata wata, wataƙila in sayar da abin da ban so sayarwa ba. Jiya dai a marina wani tsoho ya bar ta ta tsoma ƙyalle a ruwan shuni, ta dawo da yatsu shuɗaye, ta hana a wanke, ta kwana tana kallonsu. Da safe tun kafin in idar da salla tana tsaye da takalmi a hannu, wai yau ina za mu.

Bari in ajiye rubutun nan in yi wa Ummi saƙo, tun data ba ta ƙare ba. Na san abin da zan ce mata yanzu. Hanifa ba ta zuwa. In tana son ganinta, ta ɗauko jakarta ta taho Kano. Ta zo da lema, ranar Asabar za mu hau Dala.